Turkuɗi Ɗaya, Hoto Biyu

Wanda duk ya zauna Wurno a shekarun da sojoji suka dawo gida daga yaƙin Bama ya san Mainasara marini, in bai san fuskarsa ba ya san hannunsa. Daga yatsu har gwiwar hannu shuɗi ne da ya dafe ya koma baƙi, don shekara arba'in ke nan yana tsoma shi a ruwan baba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai taurin kan da ko jakinsa ya daɗe da sallama masa. Ramukan rini uku gare shi a bayan gida, cikin gari, waɗanda kakansa ya haƙa, ubansa ya gada, shi kuma ya tashi a bakinsu tun yana rarrafe.

Sauran marinan garin sun watse. Wasu sun koma noman albasa a fadama, wasu sun bi Shittu, wani ɗan Tursa mai wayo, zuwa Rabah, inda aka gina sabuwar marina ta siminti ana rini da shuɗin gwangwani. Can ba a jiƙa baba, ba a tace toka, ba a jiran kwana bakwai ruwa ya nuna. A buɗe gwangwani, a zuba, a dama, kafin la'asar zane ya bushe. Mainasara ya je ya gani sau ɗaya, ya shinshina zanen, ya ce ba ya jin ƙanshin komai, ya hau jakinsa ya dawo.

Ana nan sai ga wani Bature daga Sakkwato, wanda aka ɗora wa duba sana'o'in hannu. Yana rataye da ɗan ƙaramin akwatin ɗaukar hoto a wuya kamar laya, kafin ya kwana biyu mutanen gari sun sa masa suna Mai Akwati. Tare da shi akwai tafintansa, Malam Lauwali, saurayi mai ladabi da farar riga wadda yake tsoron ƙura ta taɓa. Saƙon da suka zo da shi gajere ne. 'Yan duba-gari sun kai ƙara cewa ramukan rini na cikin gari suna wari suna tara sauro, saboda haka za a cike su. Sai fa ramin da aikinsa ya zama lamba ɗaya, shi za a bari. Manyan Sakkwato kuma ba za su tako su duba ba, hoto za a kai masu su yanke hukunci.

Mainasara bai ji tsoro ba, daɗi ma ya ji. A ganinsa an kira shi kokawa ne a filin gidansu. Ya zaɓi zane na saƙar hannu, ya yi kwana tara yana tsoma shi yana shanyawa, har ya zama turkuɗi, wato rinin da ya kai maƙura, wanda ba sauran wurin da baba za ta shiga. Sannan ya kai shi mabuga ya zauna da kansa, ya yayyafa garin shuni da ɗan kitse, ya yi kwana uku yana bugu a kan gungume. Da ya gama, zanen ya ɗauki walƙiya. In ka karkata shi sai wani ja-ja ya gilma a cikin shuɗin, irin na wuyan tattabara. Matarsa Turai, wadda ba ta saba yabonsa a gabansa ba, ta dube shi ta ce, "To, wanga dai ya yi."

Ranar ɗaukar hoto rana ta take tsaka. Bature ya dubi sama, ya dubi zanen, ya yi wata magana. Lauwali ya ce, "Baba, Bature ya ce ka koma inuwar katanga."

Mainasara ya dube shi sama da ƙasa. "Mi kac ce? Inuwa?"

"Haka yac ce, Baba."

"Hwaɗa mishi mai rinin banza shi ka gwada kaya ga inuwa, don kar a ga aibu. Turkuɗi ga rana a ka diba shi. Ba ni shiga inuwa awa ɓarawo."

Ai kuwa gaskiyarsa ce a kasuwa. Tun kakanni haka ake yi: marini ya fito da zane tsakiyar rana, ya ɗaga, ya karkata shi har walƙiyar ta doki idon mai saye. Haka Mainasara ya yi. Ya tsaya ƙyam, ya juya zanen sannu a hankali har sai da ya ga Bature ya ƙifta ido, sannan ya riƙe shi daidai nan yana murmushi. Bature ya ɗaga kafaɗa, ya danna abinsa, ya wuce Rabah.

Bayan mako biyu Lauwali ya dawo da hotuna, aka baje su a zauren hakimi, mutane suka cika ƙofa. Ga na Shittu: zane baƙi sosai, shimfiɗe a inuwa, ba ko tabo. Ga na Mainasara: shi dai ne tsaye yana murmushinsa, amma abin da ke hannunsa fari-fari ne kamar tsumman da ya shekara a kan danga. Wurin da walƙiyar ta fi ƙarfi ma fari ne fat. Wani daga bayan zaure ya kasa riƙe dariya, sai ta ɓarke.

Shittu yana wurin. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya kamata, sannan ya ce da murya mai laushi, "Baba, ko dai ramukkan sun tsuhwa? Hoto dai ba shi ƙarya."

Mainasara ya sunkuya kan hotunan. Ya ɗauki hoton ya kai shi dab da hanci, ya nisantar, ya juya bayansa ko zai ga inda shuɗin ya maƙale. Zuciyarsa ta yi zafi. Da a ce an zage shi ne, ya san abin da zai mayar. Amma wannan takarda ce ta tsaya a gaban jama'a ta ce aikinsa na shekara arba'in toka ne, kuma kowa ya gaskata ta.

Lauwali ya biyo shi waje, ya ce a hankali, "Baba, wani sati Bature shina zakkuwa a sa alamar hwarar ƙasa ga ramukkan da za a cikewa. In kana da abin gwada mishi, kahin nan na. Riƙe wanga hoton, shina da wani."

A gida Turai ta karɓi hoton ta duba. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma tausaya masa ba. Ta ce, "An ce maka inuwa, kac ce rana."

"Ke ma?"

"Ni ma. Amma ji nan, Malam. Akwai wani soja Goronyo, Bube ɗan Taloka, an ce ya zo da akwati nai daga yaƙi, mata na zuwa shina ɗaukar su. Tahi ka gwada mishi. In akwati ɗaya ya ɓata, wani shi gyara."

Da asuba ya naɗe turkuɗin, ya ɗora wa jaki, ya kama hanyar Goronyo yana faɗa shi kaɗai. Duk manomin albasar da ya gaishe shi a hanya ya sami amsa guntuwa.

Ya sami Bube a bakin kasuwa, ƙarƙashin rumfar zana. Dogo ne siriri, yana sanye da jar dara da tsohuwar rigar soja da maɓallanta suka ƙare. Akwatinsa ba irin na Bature ba ne. Babba ne na katako, a kan ƙafafu uku, da hannun riga baƙi a gefe inda yake zura hannu yana wanke hoto a ciki. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya dubi hoton Bature, ya yi dariya har dararsa ta karkace.

"Baba, wanga akwatin Ingila na. Na san su. Idonai sanyi gare shi, shina son haske ƙwarai, in ya ga abu mai walƙiya sai shi bugu, shi ce hwari na. Kai kau ka tura mishi rana cikin ido."

"To naka hwa, Soja?"

Bube ya shafa katakon kamar mai shafa wuyan doki. "Nau na Jamus na. Shi ba shi da wasa. Abu biyu yas sani duniya, baƙi da hwari. Abin da at tsakani ba ruwanai."

"Kenan ba ido ɗaya ag gare su ba?"

"Ina! Kowane da halinai, awa mutane. Kawo goma ka aje su gaban abu guda, goma za su hwaɗa maka. Zamna nan ka gani."

Wannan karon Mainasara ya shiga inuwa, yana cije baki. Bube ya ce zanen yana bukatar abin da za a shimfiɗa shi a kai, ya jawo wani jan bargo da ya koɗe, wanda yake ɗora wa benci, ya rataya shi a bayansa. Ya cire murfin gilashin, ya ƙirga a ransa, ya mayar. Sannan ya zura hannu ya yi ta laluben cikin akwatin, ya fito da wata takarda ya sake ɗaukarta, ya sake wankewa. Kafin a kira azahar ya tsamo hoto daga bokiti yana ɗigar ruwa, ya miƙa masa.

Turkuɗin ya fito baƙi ƙirin, ya fi na Shittu nesa ba kusa ba. Mainasara ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, har ya buɗe baki zai yi godiya. Sai ya ƙara dubawa.

"Soja, ina hannuwana?"

"Suna nan, Baba. Sun shige cikin zanen."

"Ina bargonka?"

"Ga shi nan baya."

"Wanga baƙin? Bargonka ja na."

"Na hwaɗa maka halinai. Ka ba shi ja, shi ce baƙi. Darata ma haka ta ka hita."

Mainasara ya daɗe yana kallo. Ba a gane inda turkuɗin ya ƙare bargon ya fara. Kwana tara na tsomi da kwana uku na bugu, da tsumman da kowane ɗan kasuwa ke zama a kai, duk sun zama abu ɗaya. Walƙiyar babu ita, ja-jan nan na wuyan tattabara babu shi. Da gawayi ya shafa wa buhu ya kawo, haka zai fito. Ya sallami Bube, ya sa hoton a aljihu tare da ɗan'uwansa, ya dawo Wurno bai yi wa jakin faɗa ko sau ɗaya ba, abin da ya sa jakin ma ya riƙa waiwaye.

Turai ta ga sabon hoton ta yi hamdala. "Shi ke nan. Ka miƙa mishi wanga, ka kama bakinka."

"Ƙarya ta, Turai."

"Wancan ma ƙarya ta. Wagga dai tamu ta. Malam, don Allah, rana guda ka yi shiru."

Ya ce ya ji. Ya kuma yi niyyar yin shirun, wannan a shaide shi. Kwana shida yana gaya wa kansa cewa takarda ce kawai, a miƙa ta a huta.

Ranar ta zo da hantsi. Ga Bature, ga Lauwali, ga wakilin hakimi, ga wani lebura riƙe da bokitin farar ƙasa da tsintsiya. Maƙwabta sun hau katanga, Turai tana bayan ƙofa. Ramin tsakiya ya nuna a ranar, kumfa mai ja-ja ta taru a samansa. Mainasara ya fito da hotunan biyu ya jera su a tafin hannunsa, ya ɗora turkuɗin a kafaɗa.

"Malam, hwaɗa mishi zane guda na. Wanga nashi akwati, wanga na Bube."

Bature ya karɓa ya duba, ya yi dariya, dariyar da ba ta mugunta ba. Ya yi bayani mai tsawo yana nuna rana yana nuna gilashin akwatinsa. Lauwali ya washe baki don murna.

"Baba, an dace! Ya ce laihin haske na, kuma akwatunan ba ɗaya ba na. Ya ce wanga na biyu ya yi, shina sa shi cikin rahoto, shi rubuta lamba ɗaya. Ramukkanka sun tsira."

Lebura ya ajiye bokiti. Daga bayan ƙofa aka ji Turai ta sauke numfashi. Abin da ya rage kawai Mainasara ya ce na gode. Ya buɗe baki kuwa, amma ba ita ce ta fito ba.

"Tambaye shi, mi za su gani Sakkwato?"

"Baba…"

"Tambaye shi."

Lauwali ya tambaya, ya juyo. "Ya ce za su ga rini mai baƙi ƙwarai."

"To gwada mishi nan. Wanga baƙin na baya, bargon Bube na, ja, wanda a ka zama bisa. Shi ma lamba ɗaya na?"

Bature ya ƙura wa hoton ido, ya ce wani abu gajere.

"Ya ce su can ba su sanin bargo na."

Nan ne abin ya tsinke. Mainasara ya ji kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko a zauren hakimi. Can an yi masa dariya a kan ƙarya, nan kuma ana so a yabe shi a kan wata ƙaryar, a bar masa ramukan kakansa don mutanen da ba su taɓa ganin turkuɗi ba sun kasa bambanta shi da bargon benci. Ya miƙa hannu ya zare hotunan daga yatsun Bature, ya sa na farko a aljihu, ya riƙe na Bube, ya tsuguna a bakin ramin tsakiya, ya kore kumfa da bayan hannu, ya tsoma takardar har wuyan hannu.

Turai ta ce, "Innalillahi!" da ƙarfi, ba ta damu da wa ya ji ba.

Ya riƙe ta a ciki kamar yadda yake riƙe zane, sannan ya tsamo ta ya ɗaga. Ta fito kore-kore, launin ɗanyen ganye. Iska ta buge ta, koren ya fara juyawa a gaban idon kowa, daga gefe zuwa tsakiya, har ta zama shuɗiya. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagawa, shuɗin ya ƙara zurfi. Sau uku ya yi. Hoton ya ɓace, ba Mainasara ba bargo, sai takarda mai launin abin da ke kafaɗarsa.

Ya miƙa wa Bature. "Hwaɗa mishi ga hoton aikina. Yanzu yaf hita daidai. Shi kai masu wanga."

Bature ya karɓa ba tare da ya yi tunani ba, ruwan ya bi yatsunsa. Ya tsaya yana kallon takardar, ya dubi ramin, ya dubi turkuɗin da rana ke wasa a kansa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

Lauwali ya ce, kamar zai yi kuka, "Ya ce abin ya yi kyau. Amma ba a sa wanga cikin rahoto. Hoto a ka so, Baba. Ya ce shi ɗauki wani yanzu, ga inuwa."

"A'a. Akwati nai ya riga ya hwaɗi nashi, na Bube ya hwaɗi nashi. Wanda ka son sanin aikina shi zaka da idonai. In rahoto ba shi da wurin sa shuɗi, ba laihin shuɗi ba na."

Wakilin hakimi ya roƙe shi, maƙwabta suka roƙe shi daga kan katanga. Ya naɗe hannu ya tsaya. A ƙarshe lebura ya ɗauki bokitinsa, ya shafa farar ƙasa a bakin ramukan uku, yana yi yana ba da haƙuri.

Kwana biyu Turai ba ta yi masa magana ba, tuwo ma a bakin ƙofa take ajiye masa. A rana ta uku ta same shi cikin ramin farko, ya kwashe ruwan, yana kankare katsi, wato laƙar da ke kwantawa a gindin rami, wadda marina ke ƙonawa su shafe sabon rami da ita. Ta tsaya ta dube shi, ta ce, "Kai dai ba ka da magani." Sannan ta koma ciki ta ɗauko kwando.

Ranar da aka cike ramukan bai tsaya kallo ba, amma ya ji ƙarar ƙasa tana zuba daga inda yake, ya kuma yi hawaye, ba a ɓoye ba. Yana bayan gari a lokacin, hanyar gulbi, inda dokar duba-gari ba ta kai ba, yana haƙa. Rami ɗaya ƙarfinsa ya iya. Ya shafe shi da katsin kakansa, kafin damina ta faɗi ruwan baba ya nuna a ciki.

Wajen kaka sai ga Lauwali a bakin sabon ramin, yana tattare farar rigarsa. Ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Bature zai tafi hutu ƙasarsu. Tun ranar nan turkuɗin bai fita ransa ba, ya duba na Rabah bai ga mai irin walƙiyar ba. Yana so a sayar masa da shi ya kai wa matarsa.

Mainasara ya goge hannu a cinya, ya ce ya jira. Ya shiga 'yar bukkar da yake ajiye kaya, ya fito da wani ɗan ƙunshi a ganye, ɗaure da zare. Lauwali ya auna shi a hannu, ya ji ba nauyi, ya kwance. Hoton farko ne, na akwatin Ingila, Mainasara tsaye yana murmushi da farin tsumma a hannu.

"Baba, zanen yac ce."

"Shi na. Da wanga anka auna ni, da shi anka cike ramukkan kakana. Kai mishi, ka ce Mainasara na gaisuwa. Ta ɗaura."

Ya juya ya ɗauki sandarsa, ya ci gaba da motsa ruwan baba.